HANGEN DALA BA SHIGA BIRNI BA NE



Ku ɗauki goro guda ku duba. A kurmin Tonawa ɗan itace ne kawai, a tsince shi a gindin uwarsa a zuba a kwando. A Kano kuwa ba a ɗaurin aure ko raɗin suna sai da shi. Wannan bambanci shi ya sa kakanninmu suka riƙa tafiyar watanni da jakuna zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja. Goron ɗaya ne, wurin da mai kallo ya tsaya ne ya bambanta.

To, haka sha'anin mutum ya ke. Bayan yaƙin Salaga na 1892 fatake suka watsu, waɗansu suka sauka Karaki, waɗansu Kumasi, suka yi aure suka hayayyafa. Mu jikokinsu nan aka binne cibiyarmu. Amma cikin Nuwamba 1969 gwamnatin Busiya ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su bar Gana. Aka loda mutane cikin manyan motoci, har da waɗanda ba su taɓa taka wata ƙasa ba. Mai hange daga nesa babbar riga da hula ya gani, sai ya ce baƙo ne. Yau kuma in ɗayanmu ya je Kano, da ya buɗe baki aka ji Hausarsa sai a ce ga mutumin Gana. Nan baƙo, can baƙo, alhali mutum ɗaya ne.

Tun da mun san zafin wannan, ina dalilin da waɗansunmu ke yi wa wasu irinsa? Muna nufin 'yan matan nan kayayo da ke zuwa daga ƙasar Dagomba da Mamfurusi, suna dako a kasuwar Kejetiya. Mai rumfa ba ya ganin kome sai kwano a bisa kai. Ya daka mata tsawa, ya rage mata lada, bai ko tambayi sunanta ba. A ƙauyensu kuwa ita ce mai aiko da kuɗin hatsi da na makarantar ƙannenta. Ashe ba neman abinci ne ya kawo kakanninmu ba? Ai ita kalmar "kaya" da ke cikin sunansu ma tamu ce. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ba mu ce kowa nagari ne ba. Abin da muka ce shi ne a matsa kusa kafin a yanke hukunci. In yarinya ta sauke maka kaya, ka biya ta abin da kuka shirya, ka ba ta ruwa, ka tambayi garinsu. Muna kuma roƙon limamai da sarakunan Zango su duba inda yaran nan ke kwana, gama da yawansu a bakin rumfuna su ke kwana, ko da damina.

Allah ya sa mu gane, amin. Wassalam.