John Glenn Da Ma'aikatan Da Ke Ƙasa

Ran 20 ga watan Fabrairu, 1962, wani Ba'amurke mai suna John Glenn ya shiga kumbon Friendship 7, ya kewaya duniya sau uku cikin awa huɗu da minti 55. Shi ne ɗan sama jannatin Amurka na farko da ya yi wannan kewaye, wata goma bayan Yuri Gagarin na Tarayyar Sobiyet ya buɗe hanya a 1961.

Kano tana cikin wannan tarihi, ko da yake ba kowa ya sani ba. Hukumar NASA ta kafa tashoshi a sassan duniya don bin sawun kumbon, ɗaya kuwa a Kano take. Sa'ad da Glenn ya ratso samaniyar Afirka, sai ya shaida wa tashar Kano cewa yana hangen ƙura ta turnuƙe, su kuma suka amsa masa cewa an yi mako guda ana iska mai ƙarfi. Watau dai hunturun Arewa ne ya hango daga can sama.

An haifi Glenn a Jihar Ohio a 1921, ubansa mai gyaran famfo ne. Ya tuƙa jiragen yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu da na Koriya, sa'an nan aka zaɓe shi cikin mutum bakwai na farko a 1959. Daga baya ya yi shekara 24 a Majalisar Dattawa, ya sake komawa sama a 1998 yana da shekara 77, ya rasu a 2016.

Lalle jarumi ne, domin da na'urar da ke sarrafa kumbon ta sami tangarɗa, da hannunsa ya ci gaba da tuƙi. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin ya tashi sai da ya nemi Katherine Johnson, wata baƙar fata gwanar lissafi, ta sake bin lissafin da kwamfuta ta yi. Da ta yi sakaci da lamba ɗaya, ko mai sauraro a Kano ya bar kujerarsa, da ran mutum ya shiga hatsari.

A nan ne darasin yake ga ma'aikatan sakatariyar Gwadangaji da ɗaliban Birnin Kebbi da Argungu. Tun 2003 Nijeriya ta mallaki tauraron ɗan adam na farko, NigeriaSat-1, wanda aka harba daga Rasha. Hotunan irin waɗannan taurari suna nuna inda ruwa ke taruwa da inda zai bi. Duk da haka ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a fadamun Kebbi. Hoto ba ya ceton gona sai an sami mai karanta shi, da ma'aikacin da zai isar da gargaɗi ga manomi kan lokaci, ba tare da takarda ta kwana a kan tebur ba.

Saboda haka wajibi ne hukuma ta ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya a makarantun sakandare, na maza da na mata baki ɗaya, ta kuma horar da ma'aikatan gona da na ruwa kan karanta hotunan sama. Ɗalibin da ke gudun lissafi kuwa ya tuna, da lissafin wata mace aka kai Glenn sama, aka komo da shi gida lafiya.