Sabon Ciki Ba Ciwo Ba Ne: Tashi Ki Motsa Jiki

'Yar'uwa, idan kin samu juna biyu a Nima, Maamobi ko Sabon Zongo, shawarar farko da za ki ji daga manya ita ce ki zauna wuri ɗaya. Za a ce kada ki yi sauri, kada ki yi tafiya mai nisa, gudu kuwa kada ma ki yi zancensa. Masu faɗar haka ƙaunarki suke yi, suna gudun ɓari. Amma ra'ayinmu ya bambanta da nasu. Mace mai lafiya, wadda cikinta ba shi da matsala, motsa jiki ya fi mata alheri a kan kwanciya, tun daga watan farko.

Me ke kawo ɓari?

A cikin kowane ciki goma da aka tabbatar, ɗaya ko biyu kan zube, galibi kafin mako 12. Kusan rabin irin wannan ɓari yana faruwa ne domin ƙwayoyin halittar ɗan ba su haɗu daidai ba tun ranar da cikin ya shiga. Tafiya ba ta jawo shi, kwanciya ba ta hana shi. A wata ukun farko mahaifa tana can ƙasa cikin ƙashin ƙugu, a kare take, taku ko sassarfa ba sa girgiɗe abin da ke cikinta. Saboda haka macen da ta yi ɓari kada ta ɗora wa kanta laifi don ta je kasuwar Mallam Atta da ƙafa, kada kuma uwar miji ko kishiya su ɗora mata.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2020, ta ce mai ciki ta samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako. Wato minti 30 a rana, kwana 5. Amfaninsa a bayyane yake: yana rage haɗarin ciwon suga da hawan jini na masu ciki, yana hana ƙiba fiye da kima, yana sauƙaƙa ciwon baya da taurin bayan gida, yana kuma gyara barci.

Gudu fa?

Idan kin saba gudu tun kafin ki samu ciki, ko kina cikin masu hawan dutsen Aburi daga Ayi Mensah zuwa Peduase ranar Asabar da safe, za ki iya ci gaba bayan ungozoma ta duba ki. Sai dai ki rage sauri da nisa. Serena Williams ta Amurka ta ci gasar tanis ta Ostareliya a Janairun 2017 da ƙaramin ciki, amma ita ta shekara da shekaru tana horo, likitoci kuma na biye da ita. Darasin shi ne jiki yana iya ci gaba da abin da ya saba. Idan ba ki taɓa gudu ba, yanzu ba lokacin koyo ba ne. Fara da tafiya ta minti 10, ki riƙa ƙarawa kowane mako. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga ma'auni mai sauƙi: idan kina tafiya ko sassarfa kina iya hira da abokiyar tafiyarki, kina daidai. Idan haki ya hana ki gama magana, kin wuce gona da iri. Ranar da laulayi ya kama ki, kina amai, ba ki iya cin abinci, ki huta. Gobe ma rana ce.

Wata za ta ce: "Ni da nake ɗiban ruwa, ina wanki, ina tuƙa tuwo, ina sayar da koko tun asuba, wane motsa jiki kuma?" Gaskiyarki, aikin gida ma motsi ne, kuma ana lissafa shi. Amma tsayuwa wuri ɗaya gaban wuta ko zaman shago a Zongo Lane daga safe har yamma ba ya motsa jini kamar tafiya. Ɗaukar kaya masu nauyi kuwa, irin na 'yan kayayo a Makola da Agbogbloshie, wahala ce, ba motsa jiki ba. Mai ciki ta rage nauyin kaya, ta raba shi biyu, ta riƙa hutawa.

Inda haɗarin yake

Na farko zafi. A makonnin farko ake halittar ƙwaƙwalwa da lakar ɗa, zafin jiki mai tsanani kuma yana iya cutar da su. Ranar Accra, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu, ba abar wasa ba ce. Ki fita da sassafe ko bayan la'asar, da sutura marar nauyi da mayafi mai shan iska. Ki sha ruwan leda ɗaya kafin ki fita, ki riƙe wani a hannu. Idan kina azumi, kada ki yi motsa jiki da rana.

Na biyu faɗuwa. Lungunan Nima ƙunci gare su, ga kwatoci a buɗe, ga babura. Ciki yana sassauta gaɓoɓi, gurɗewa ba ta da wuya. Ki sa kambas maimakon silifa, ki zaɓi wuri shimfiɗaɗɗe kamar filin Kawo Kuɗi, ki guji gefen babbar hanya inda hayaƙin mota ya yi yawa. Ki bar ƙwallon ƙafa da duk wasan da za a iya bugun ciki.

Na uku ƙarancin jini da zazzaɓin cizon sauro. Kusan rabin masu ciki a Ghana jininsu bai kai yadda ake so ba. Macen da jininta ya yi ƙasa, ɗan motsi kaɗan sai jiri da bugun zuciya. Wannan ba a gane shi da ido, sai an auna.

Shi ya sa muke roƙonki kada kunyar cikin fari ta sa ki ɓoye shi har ya fito. Ki je awo kafin ya cika mako 12, a Babban Asibitin Maamobi ko asibitin da ya fi kusa da ke. Tun 2008 gwamnati ta sa kula da masu ciki kyauta a ƙarƙashin inshorar lafiya ta ƙasa. Za a auna jininki, a ba ki maganin ƙarin jini da folik asid. Ki gaya wa ungozoma irin motsa jikin da kike yi. Idan kina da ciwon zuciya, sikila, hawan jini, cikin tagwaye, ko kin sha yin ɓari, ko an taɓa ɗinke miki bakin mahaifa, kada ki fara komai sai likita ya yarda.

Ki tsaya nan take, ki tafi asibiti, idan kin ga ɗaya daga cikin waɗannan:
Jini ko ruwa yana fita ta gaba.
Ciwon mara mai tsanani, musamman a gefe ɗaya, domin yana iya zama ciki a wajen mahaifa.
Jiri, suma, ciwon ƙirji ko ciwon kai mai tsanani.
Ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo.
Zazzaɓi.
Idan babu mai kai ki, a kira 112.

Maigida, kai ma da naka. Kada ka hana ta fita da sunan tausayi. Ka ɗauke mata jarkar ruwa, ka raka ta tafiyar safe, ka tabbata tana kwana cikin gidan sauro. Hajiya, ke da kika haifi naki kina daka da surfe, kin fi kowa sanin cewa mai ciki ba majinyaciya ba ce. Ki ƙarfafa wa surukarki gwiwa ta je awo da wuri.

Ke kuma 'yar'uwa, gobe da safe ki nemi maƙwabciya ku taka tare na minti 10. Allah ya raba lafiya.