Kafin a sayar da sa don sayen kwamfuta

Makonni uku da suka wuce wani dattijo maƙwabcina ya shigo gidana bayan isha'i. Bai ko taɓa shayin da aka ajiye masa ba ya ce, "Malam, shawara na zo nema. Yaron nan ya ce kwamfutarsa ta kasa aikin, sai an sayi babba. Ni kuwa abin da na mallaka sa guda ne a ƙauye." Yaron nasa yana koyon montaji wajen wani mai ɗaukar bidiyon bukukuwa nan Maradi, an ba shi hotunan wani ɗaurin aure ya haɗa, da ya zuba su a kwamfuta sai hoto ya riƙa tsayawa yana tsalle, murya ta yi gaba ta bar bakin mai magana. Na ce, "Baba, a bar san nan tukuna, a turo mini shi gobe da kwamfutar."

Kwamfutar ba sabuwa ba ce, amma lafiyarta ƙalau. An ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta ne, kuma cikin wata bakwai da yaron ya yi yana koyo ba wanda ya taɓa gaya masa cewa masu sana'ar ba haka suke yi ba.

Ga abin da ke faruwa. Hoton da ake kira 4K yana da ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye, wato sama da miliyan 8 a hoto guda, kuma a kowace daƙiƙa hotuna 25 ne ko fiye suke wucewa. Wayoyi da ƙananan jiragen ɗaukar hoto suna matse wannan lodi da tsarin H.264 ko H.265 don ya shiga kati. A wannan tsari ba kowane hoto ake ajiyewa cikakke ba, ana ajiye ɗaya, na bayansa kuma sai a rubuta bambancinsu da shi kawai. Wajen kallo ba matsala. Amma mai montaji gaba yake yi ya dawo baya, ya yanka nan ya liƙa can, kuma duk inda ya tsaya sai kwamfuta ta sake lissafo hoton daga maƙwabtansa. Manyan kamarori kuma suna ba da ɗanyen hoto, wanda ba a dafa launinsa ba, shi ma nauyinsa ya isa.

Maganin da ƴan sana'a suka sani shi ne furoksi, ni dai wakili nake ce masa a aji. Manhajar montaji tana yi wa kowane bidiyo ƙaramin kwafi mara nauyi, misali mai ɗigo 1280 da 720, wanda ya gaza 4K sau tara cif, a tsarin da kowane hoto ke tsaye da ƙafarsa kamar ProRes Proxy ko DNxHR. Da wannan kwafi ake yanka, a jera, a sa kiɗa da rubutu. In an gama, manhaja ta koma kan asalin ta fitar da fim daga gare shi. Adobe Premiere Pro na yin haka, DaVinci Resolve na yi kuma yana da na kyauta, Kdenlive da Shotcut ma suna yi kuma ba a biyan ko dala. Mun bar kwamfutar yaron ta kwana tana haɗa wakilai, da safe hoto na tafiya sumul.

Dabarar ma ta girmi kwamfuta. Zamanin da ake ɗaukar fim a kan faifan silima, zamanin su Oumarou Ganda wanda fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972, da Moustapha Alassane da ya zauna Tahoua, mai montaji ba ya sa almakashi a faifan asali. Kwafin aiki ake buga masa ya yi ta yanka, asalin na ajiye, sai an tsai da magana a yanka shi sau ɗaya. Abin da kakannin sana'ar suka ɗauka farilla, yau yaranmu ba su ji ko sunansa ba, don galibi abin da ake nuna musu shi ne inda ake dannawa a sa furanni da walƙiya a kan fuskar amarya.

Sai dai wakili yana da iyaka, kuma a nan ne nake son malamai su dage. A wurin ɗaurin aure wakilin ango ne ke karɓa, amma ba ɗakinsa ake kai amarya ba. Gyaran launi a kan asali ake yin sa. Dalili kuwa a fili yake. Ƙaramin kwafi mai bit 8 matakai 256 yake da su a kowane launi daga duhu zuwa haske, mai bit 10 yana da 1024, ɗanyen hoto mai bit 12 yana da 4096. A ɗanyen hoto ana iya sauya ɗumin haske bayan an gama ɗauka, a wakili kuwa an riga an dafa, ba a mai da shi ɗanye. Wanda ya gyara launi yana kallon wakili zai ga sararin sama ya yi layi-layi ya yi ta faman gyaran aibin da babu shi a asali, ko kuwa hatsi-hatsin da ke cikin duhun asali ya ɓuya masa sai bayan ya fitar da fim.

Wannan ya fi shafar mu fiye da wasu. Ku dubi taron ɗaurin aure a Zinder da hantsi: farar shadda tana ƙyalli cikin rana, fuskar mai ita baƙa a ƙarƙashin hula ko rawani, rabin jama'a a inuwar rumfa. Riƙe zanen aikin da ke gaban rigar ba tare da fuskar ta nutse cikin duhu ba, shi ne gwanintar, kuma bayanan da ake buƙata don yin haka suna cikin asali. Bidiyon biki nawa muka gani inda aka mai da amarya ja kamar manja, ko aka yi mata toka-toka har uwarta na tambayar ko ba ta da lafiya ranar? Wani lokaci son farin fata ne na mai gyaran, wannan magana ce ta wata rana. Sau da yawa kuwa bai san abin da yake kallo ba ne.

Akwai kuskuren da ya fi wannan muni. Na san wani ɗalibi da ya ga wakilai na aiki lafiya, diski kuma ya cika, sai ya goge asalin don ya sami wuri, katin kamara ma an riga an share shi an tafi wani biki. Abin da ya rage wa iyalin nan ƙaramin hoto ne mai dishi-dishi, kuma ba a sake ɗaura aure don mai kamara. Haka in aka sauya sunan fayil ko aka kwashe shi zuwa wani wuri bayan an yi wakili, manhaja sai ta rasa wane ne na wane. Malamin da zai koyar da wakili, ya fara da koyar da tsara fayiloli da ajiye asali a diski biyu daban, tun kafin yaro ya yanka hoto ko ɗaya.

Ba na cewa kowace kwamfuta za ta yi. DaVinci Resolve na son ƙwaƙwalwa mai yawa da katin hoto mai ƙarfi, tsohuwar na'ura ƙwarai ba za ta ko buɗe shi ba, sai a koma Kdenlive ko Shotcut. Haɗa wakilai na cin sa'o'i da wuri a diski, fitar da fim daga asali ma zai yi jinkiri, ga zafin watan Afrilu ga ɗaukewar wuta. Wanda aiki ya yi wa yawa har masu biki na tsaye a ƙofarsa, babbar kwamfuta za ta biya kanta. Mai koyo bai kai nan ba. Ranar gyaran launi kaɗai yake buƙatar na'ura mai ƙarfi, wannan kuwa cibiyar koyarwa na iya ajiye guda ɗaya ɗalibai su riƙa bin layi, maimakon a ce wa kowane uba ya sayo tasa.

Iyaye, in yaro ya zo da wannan kuka, ku tambaye shi ko ya gwada aiki da wakili. In ya yi shiru, ku je ku yi wa malaminsa tambayar. Maƙwabcina dai ya sayi diski biyu na waje, aka ƙara wa kwamfutar ƙwaƙwalwa, duka bai kai kuɗin tunkiya biyu ba. Yaron ya kai aikin ranar Juma'ar da ta wuce, bayan ya yi gyaran launin a kwamfutar maigidansa cikin yini guda. San yana nan ƙauye, an ce za a sa shi huɗa in ruwa ya sauka.