FILIN KIWON LAFIYA: Motsa Jiki Kullum, Ko Sai Ranar Asabar?

Duk wanda ya bi ta Karmo da sassafe zai tarad da 'yan mata jingim a bakin titi suna jiran abin hawa zuwa Life Camp, ko Jabi, ko Wuse. Daga kujerar mota sai ta ofis, ko ta keken ɗinki, ko ta kanti, ba su komowa gida sai bayan magariba. Kakanninsu da suka tashi cikin daka da surfe da ɗebo ruwa a rafi ba su taɓa bukatar a ce musu su motsa jiki ba. Su kuwa jikokin, zama ya zame musu sana'a.

A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa baligi na bukatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a kowane mako, wato irin tafiyar saurin da mutum zai iya magana a cikinta amma ba zai iya rera waƙa ba. Ƙididdigarta ta 2022 kuwa ta nuna kashi 34 cikin 100 na matan duniya ba su cika wannan ƙa'ida, alhali maza kashi 29 ne.

To, ga inda gardama take: shin a rarraba mintocin nan cikin kwanakin mako, ko kuwa a tattara su ranar Asabar, kamar yadda masu zuwa gaɓar tafkin Jabi suke yi?

Masana na asibitin Massachusetts General a birnin Boston ta Amurka sun duba al'amarin a shekarar 2023. Sun bi bayanan mutum 89,573 na ƙasar Birtaniya waɗanda aka ɗaura wa na'urar auna motsi a wuyan hannu, suka ga mai tattarawa cikin kwana ɗaya ko biyu ya sami kariya daga ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki kusan daidai da mai rarrabawa. Ashe yawan mintocin ne abin lura, ba ranar da aka yi su ba. Wannan albishir ne ga wadda ba ta da sukuni sai ƙarshen mako.

Amma fa a lura, akasarin mutanen nan sun manyanta. Budurwar da ta shekara biyu ba ta yi tafiyar mil ɗaya ba, in ta tashi rana guda ta ɗora wa kanta awa biyu da rabi, ciwon gwiwa da tsamin jiki za su kwantar da ita, Asabar mai zuwa kuma ba za a gan ta ba. Bugu da ƙari, amfanin motsi wajen daidaita sukarin jini yana gushewa bayan 'yan kwanaki, shi ya sa likitoci kan shawarci masu ciwon sukari kada su wuce kwana biyu a jere ba su motsa ba.

Saboda haka mai farawa gara ta ɗauki kwana uku a mako, minti 20 kowace rana, tana ƙarawa sannu a hankali. Bayan sallar asuba ya fi, musamman a Maris da Afrilu da zafi ke tsananta. Hijabi ba ya hana tafiya, takalmi ne ya kamata ya zama mara tsini. Ta nemi maƙwabciya ɗaya ko biyu su fita tare, domin tsaro, kuma domin wadda ta san ana jiranta a ƙofar gida ba ta komawa barci.