Jinjina ga Hamtramck, Ƙaramin Birnin da Bai Rufe Ƙofarsa Ba

Yabon gwani ya zama dole, kuma mutanen Hamtramck sun cancanci a ɗaga musu hannu. Birni ne ɗan ƙarami a jihar Michigan ta Amurka, faɗinsa bai kai murabba'in kilomita biyar da rabi ba. Detroit ta kewaye shi kusan ta ko'ina, kamar ƙoƙo a cikin masaki, in ban da wata 'yar kusurwa ta yamma inda ya haɗa iyaka da Highland Park. Mai ƙarfin ƙafa zai ratsa shi daga wannan baki zuwa wancan kafin awa guda ta cika. Duk da wannan ƙanƙanta, yana da magajin garinsa da majalisarsa, da 'yan sandansa da 'yan kwana-kwanansa, da makarantunsa da kotunsa. Abin da ya fi wannan duka shi ne, a cikin shekara ɗari ya sauya fuska gaba ɗaya, mulki ya tashi daga hannun wata al'umma ya koma hannun wata mai harshe daban da addini daban, ba tare da an zubar da jini ba. Akwatin zaɓe ne ya raba gardama.

Sunan garin na wani soja ne, Jean François Hamtramck, haifaffen Kanada mai jinin Faransawa, wanda ya karɓi sansanin Detroit daga hannun Turawan Ingila a madadin Amurka a 1796. Bayan shekara biyu aka raɗa wa yankin sunansa. Sama da ƙarni guda wurin gonaki ne kawai, akasari na manoma Jamusawa, kuma sai a 1901 ya sami matsayin ƙauye mai hukumarsa. Ƙidayar 1910 ta sami mutum 3,559 a cikinsa. A wannan shekarar ce 'yan'uwa biyu, John da Horace Dodge, suka fara gina masana'antarsu ta kayan mota a gefen ƙauyen, wadda daga baya aka san ta da Dodge Main. Labari ya isa kunnen 'yan ci-rani, musamman mutanen Poland, cewa akwai aiki. Suka yi ta kwarara. Kafin 1920 ƙauyen mutum dubu uku da rabi ya koma mai mutum 48,615, a 1930 kuwa ya haura 56,000.

Gidajen da aka gina musu suna nan har gobe: masu hawa biyu, sirara, kafaɗa da kafaɗa, iyali ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama, kowanne da barandarsa mai fuskantar titi. Tsakanin gida da gida wani lokaci ɗan lungu ne da mutum ɗaya zai bi. An yi su ne don ma'aikaci ya taka da ƙafa zuwa bakin aiki, ya taka zuwa coci, ya taka zuwa kanti. Wannan tsari, da a wancan zamani alamar talauci ce, shi ne daga baya ya ceci garin.

A shekarun nan Detroit tana ta haɗiye ƙauyukan da ke kewaye da ita ɗaya bayan ɗaya. Mutanen Hamtramck suka ƙi. A 1922 suka mayar da ƙauyensu birni mai cin gashin kansa, don harajin masana'antar ya tsaya a gida, kuma su riƙa zaɓen masu mulkinsu daga cikinsu. Ina ganin duk wani abin yabo da ya biyo baya daga nan ya samo tushe. Da an narkar da su cikin Detroit, da sun zama unguwa ɗaya cikin ɗaruruwa, muryarsu ta ɓace a zauren majalisar da ba ta san sunayen titunansu ba. Da suka tsaya da ƙafarsu, sai baƙon da bai iya Turanci sosai ba ya ga cewa ƙuri'arsa tana da nauyi. Mutanen Poland sun riƙe kujerar magajin gari shekara ɗari cur. A 1970 kusan kashi 90 cikin 100 na mazauna garin zuriyarsu ne, kuma da Fafaroma John Paul na Biyu, ɗan ƙasarsu, ya ziyarci Amurka a 1987, sai da ya tako Hamtramck.

Amma kafin zuwan nasa ƙasa ta riga ta fara zamewa. An rufe Dodge Main a farkon 1980, aka rushe ta a shekara mai bi mata. 'Ya'yan ma'aikata da suka sami ilimi da rufin asiri suka ƙaura zuwa sababbin unguwanni na bayan gari. A 1990 mutum 18,372 kacal suka rage. Mai son sanin inda irin wannan hanya take kai gari ya leƙa maƙwabciyarsu Highland Park, wadda ta taɓa haura mutum 50,000 amma ƙidayar 2020 ta same ta ƙasa da 9,000. Ita kanta Detroit daga mutum miliyan 1.8 a 1950 ta dawo 639,111 a 2020.

Hamtramck ba ta bi sahunsu ba, kuma dalilin a fili yake: gidajen da suka zama kango sun sami sababbin masu shiga, tsofaffin mazauna kuma ba su tare ƙofa ba. Mutanen Yaman sun daɗe suna aiki a masana'antun motoci, suka fara kawo iyalansu. Yaƙin ƙasashen Balkan ya koro mutanen Bosniya a shekarun 1990. 'Yan Bangaladash da tsadar haya ta ishe su a New York suka ji labarin garin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya mallakar gida, suka taho. Matar da ba ta tuƙa mota za ta iya zuwa kasuwa da ƙafa, tsoho zai iya zuwa masallaci sau biyar a yini ba tare da ya jira wani ya kai shi ba. Shagunan da aka rufe a titin Joseph Campau da titin Conant suka sake buɗewa, wannan na sayar da naman halal, wancan shinkafa da kifi, na gaba atamfofin mata da turare. Daga mutum 22,423 a 2010, garin ya kai 28,433 a 2020, ƙarin da ya haura kashi ɗaya cikin huɗu, a yankin da aka saba jin labarin raguwa.

Inda na fi jinjina musu shi ne abin da ya faru a 2004. A titin Caniff akwai cocin Katolika mai suna St. Ladislaus, a tsallaken titi kuma, ƙofa na kallon ƙofa, akwai masallacin Al-Islah na 'yan Bangaladash. Masallacin ya nemi izinin kiran sallah da lasifika. A tuna, ba a cika shekara uku da harin 11 ga Satumba ba, zukata a Amurka ba su huce ba, Musulmi ana yi masa kallon hadarin kaji. Zauren majalisa ya cika maƙil, aka yi ta musayar zafafan kalamai, 'yan jarida suka yi sansani a garin. Musulmi ɗaya ne tak a majalisar a lokacin, Shahab Ahmed. Duk da haka majalisar baki ɗaya ta gyara dokar hana hayaniya, ta ba da damar kiran sallah tsakanin ƙarfe shida na safe da goma na dare, ta kuma sa ƙararrawar coci a ƙarƙashin doka guda. Waɗanda ba su gamsu ba suka tara sa hannu, aka kai maganar gaban jama'a a watan Yuli, kimanin kashi 55 cikin 100 suka ce a bar ladan ya yi kiransa. Musulmin da ke da ƙuri'a a lokacin ba su isa su ci wannan zaɓe su kaɗai ba. Maƙwabtansu ne suka ci musu shi, cikinsu har da tsofaffin da suka girma ba su san wata murya a sararin garin ba sai ta ƙararrawa. Waɗanda suka sha kaye ma suna da nasu rabon yabo, domin sun karɓi sakamako suka koma gida.

Daga nan abubuwa suka bi hanyarsu. A 2015 Musulmi suka sami kujeru huɗu cikin shida na majalisa, karo na farko a wani birni na Amurka. A Nuwamban 2021 Amer Ghalib, haifaffen Yaman da ya zo Amurka yana matashi ya fara da aikin masana'anta, ya kayar da Karen Majewski, wadda ta riƙe kujerar magajin gari tun 2006, ita ce kuma shugabar majalisa a zamanin rigimar kiran sallah. Ta miƙa mulki. Da aka rantsar da sabuwar majalisa a Janairun 2022, duk membobinta shida Musulmi ne, ɗaya daga cikinsu mace ce jikar mutanen Poland da ta musulunta. A farkon 2023 majalisar ta amince a yi yankan layya a gida. Bikin mutanen Poland kuwa bai mutu ba: ranar Talatar da ke gaban azumin Kirista, tun duhun asuba, cikin sanyin hunturu, za ka ga layi ya miƙe a ƙofar gidajen burodi ana jiran wani irin fanke mai zaƙi a ciki da suke kira paczki, kuma ba 'yan Poland kaɗai ke layin ba.

To, sai dai wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Garin da ake yaba wa kan karɓar baƙi yana da tabo a tarihinsa, kuma ya kamata masu mulkin yau su riƙa duba shi. Baƙar fata suna Hamtramck tun farkon zamanin Dodge. A shekarun 1950 da 1960, da sunan sabunta gari da fitar da babbar hanya, hukumomin birnin suka bi unguwanninsu da rusau. A 1968 waɗanda abin ya shafa suka kai ƙara, a 1971 alƙalin tarayya Damon Keith ya yanke hukunci cewa da gangan aka yi don a rage baƙar fata a garin. Aka umarci birnin ya samar da gidaje 200 na diyya. Sai da aka shafe fiye da shekara 50 kafin a cika wannan alkawari, yawancin waɗanda aka zalunta sun riga mu gidan gaskiya, 'ya'ya da jikoki ne suka karɓi makullai. An kyauta da aka kammala, an kuma kyauta da aka gyara tsohon filin wasan da ƙungiyar baƙar fata ta Detroit Stars ta fara wasa a cikinsa a 1930, aka sake buɗe shi a 2022. Amma a lura da waɗanda suka aikata wancan zalunci. Ba wasu azzalumai ba ne daga nesa. 'Ya'yan 'yan ci-rani ne da su ma aka taɓa raina su, aka yi wa harshensu dariya. Shan wuya a jiya ba ya hana mutum cutar da na ƙasa da shi in ya sami dama. Yau rinjaye na hannun 'yan Yaman da 'yan Bangaladash. Tsohuwar da ta rage ita kaɗai a layinsu, da iyalin baƙar fata da suka dawo gidan kakanninsu, da wanda ba ya zuwa masallaci ko coci, duk amanarsu tana wuyan wannan majalisa, kuma bashin 2004 da irin wannan riƙo kaɗai ake biyansa.

Sai maganar kuɗi, wadda ba ta san addinin kowa ba. Sau biyu gwamnatin jiha tana karɓe ragamar baitulmalin garin ta damƙa wa kantoman da ta naɗa, daga 2000 zuwa 2007, sannan daga 2013 zuwa 2014. A tsakani, a 2010, birnin ya nemi izinin bayyana kansa a matsayin wanda ya karye, jihar ta hana. Cin gashin kan da aka yi wa tsayin daka a 1922 ba ya da ma'ana in duk bayan 'yan shekaru sai an turo wani daga Lansing, fadar gwamnatin jiha, ya riƙe makullin asusu. Tsarin mulkin garin ya raba aiki: magajin gari da 'yan majalisa su tsara manufa, manajan birni da suka ɗauka aiki ya gudanar da harkokin yau da kullum. Tsarin yana tafiya ne kawai in 'yan siyasa sun bar ma'aikata sun yi aikinsu, ba a mayar da ɗaukar aiki da ba da kwangila hanyar saka wa dangi da 'yan unguwa ba.

Fiye da kashi ɗaya cikin uku na mazauna garin suna ƙasa da layin talauci, kuma gari ne mai yara da yawa. Bututun ruwan da ke shiga gidajen nan masu shekara ɗari da yawansu na dalma ne. A 2021 gwajin ruwa ya nuna dalmar ta wuce ƙa'ida, har aka raba wa jama'a matatai. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ba tare da an ga alama ba, sai ya shiga aji a ga karatu ya ƙi zama. An fara sauya bututun, kuma aiki ne mai cin kuɗi wanda ba a yanka masa kintinkiri, don a ƙarƙashin ƙasa yake. A 2021 ɗin dai ruwan sama ya cika ɗakunan ƙasa na gidaje da dama saboda tsufan magudanai. Majalisar da ke da lokacin fitar da matsaya kan al'amuran duniya, ta kuma sauya wa titi suna, ta fi kowa sanin cewa uwar da ke dama wa jaririnta madara da ruwan famfo amsa ɗaya take jira: yaushe za a iso layinsu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne akwatin zaɓe, tunda shi ne ya kawo garin inda yake. A 'yan shekarun nan zarge-zargen maguɗi sun yawaita, musamman kan ƙuri'un da ake cikewa a gida a aiko da su, har a 2025 aka gurfanar da wasu 'yan majalisa a gaban shari'a. Zargi ba hukunci ba ne, wannan aikin kotu ne. Amma a garin da 'yan ƙuri'u kaɗan kan raba mai nasara da mai faɗuwa, kamar yadda aka gani a zaɓen magajin gari na 2025 da tazararsa ba ta kai ƙuri'a 20 ba, ko ƙishin-ƙishin ya isa ya zubar da amana. Akwai kuma masu zura ido daga nesa, suna jiran Hamtramck ta yi tuntuɓe su ce ga abin da Musulmi ke yi in sun sami mulki. Ba don su za a gyara ba, amma limamai da dattawan al'umma su san cewa nauyin ya wuce iyakar garinsu. Su faɗa a kan mumbari, da Larabci da Bangali da Turanci, cewa karɓar takardar ƙuri'ar tsohuwar da ba ta iya karatu ba a cike mata yadda aka ga dama cin amana ne. Majalisa kuma ta ba ofishin magatakardar birni ma'aikata da kariyar da yake buƙata, ta tabbatar duk ɗan takara a cikin garin yake kwana kamar yadda doka ta ce, ta kuma bar bincike ya kai ƙarshensa ko da kan wa zai faɗa.