A Fito Da Tsohuwar Akori-Kura Ta Sha Iska

Duk wanda ya zagaya garejojin kanikawa a Kaduna, ko Kano, ko Zariya, da wuya ya rasa ganin wata tsohuwar akori-kura ƙirar Fijo an jingine ta a gindin bishiya, tayoyi sun sace, kaji sun mayar da bayanta akurki. Mai ita bai sayar ba, bai kuma gyara ba, har ranar da 'yan gwangwan za su zo su yanyanka ta su auna a sikeli. Ra'ayinmu shi ne wannan asara ce, kuma maganinta ba wuya gare shi ba: a gyara motar, a riƙa fita da ita tafiyar yini guda, a je a dawo kafin faɗuwar rana.

Ya kamata matasa, musamman ɗalibai, su san ko wace ce wannan mota. Kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa ya fito da samfurin 404 a shekarar 1960, sa'an nan ya biyo da akori-kurarta a 1967. Wannan samfuri shi ne ya lashe gasar tseren motoci ta Safari a Afirka ta Gabas har sau huɗu, wato a 1963, da 1966, da 1967, da 1968, a kan hanyoyin da ba su fi namu na karkara kyau ba. A 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa motocin Fijo a Kakuri, cikin Kaduna, inda hannayen 'ya'yanmu suka ɗaura 404 da kuma ƙanwarta 504. Saboda haka idan aka ce akori-kura 'yar gida ce, ba a yi ƙarya ba.

Kuma ta yi wa ƙasar nan bauta. Ita ce ta kai taki ƙauye, ta kwaso auduga da gyaɗa zuwa kasuwa. Ita ce ta kai malaman gona da malaman asibiti garuruwan da kwalta ba ta isa ba. Abin da ya yi irin wannan hidima bai cancanci a bar shi tsatsa ta cinye ba.

To, me ya sa muka ce a fita da ita? Dalili shi ne, zama shi ke kashe mota. In ta daɗe a ajiye, batir ya mutu, fetur ya lalace ya toshe kafireto, robobi su bushe su tsattsage, birki ya kama. Tayar da inji na minti biyar a ƙofar gida ba ya wadatarwa, domin sai inji ya yi zafi sosai a kan hanya kafin danshin da ya taru cikin baƙin mai ya ƙone. Tafiya kamar daga Kaduna zuwa Zariya, wajen kilomita 80, ta isa. Mutum ya tashi da hantsi, ya ga ganuwa da dutsen Kufena, ya ziyarci masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, ya yi azahar, ya juyo gida da la'asar.

Akwai kuma ilmi a cikin irin wannan fita. Injin 404 mai silinda huɗu ne, babu kwamfuta a cikinsa, kome a fili yake. Yaron da ya ga mahaifinsa ya buɗe gaban mota, ya goge fulogi, ya duba ruwan lagireto, ya ɗaure fambel, ya koyi abin da allo kaɗai ba zai koya masa ba. Motocin yanzu kuwa, in sun tsaya, sai an nemo mai na'ura ya faɗi ciwonsu.

Ba shakka wasu za su ce wannan aikin marasa abin yi ne, tun da fetur ya yi tsada bayan janye tallafi a 2023, kayan gyara kuma sai an tona. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Amma fita sau ɗaya a wata ba za ta karya magidanci ba, kuma kuɗinta bai kai na ta da motar da ta shekara biyar a kwance ba. Har yanzu kuma akwai tsofaffin kanikawan da suka san Fijo kamar tafin hannunsu. In ba a kai musu aiki ba, saninsu zai bi su kabari.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma a nan ne rai yake. Wannan mota ba ta da kariyar da motocin zamani suke da ita. Don haka kafin a tashi a gwada birki, a duba shekarun tayoyi ko da zanensu bai goge ba, a ɗauki safaya da jak da galan na ruwa, a tabbata takardu sun cika, a kuma tambayi lafiyar hanya. Kada a yi tsere da kowa, sauri ya haifi nawa. Abu mafi muhimmanci, bayan akori-kura na kaya ne. Ɗabi'ar loda mata da yara a baya, wasu a zaune a kan ƙarfe ƙafafu na lilo, ta jawo makoki a gidaje masu yawa. Wanda wurin zama a gaba bai ishe shi ba, ya bi wata motar.

Daga ƙarshe muna kira ga kwalejojin fasaha da su nemi irin waɗannan motoci su gyara don koyar da ɗalibai, hukumar gidajen tarihi kuma ta adana ko da guda ɗaya daga cikin waɗanda aka harhaɗa a Kakuri. Masu su kuwa, a share ƙura, a hura taya, a kama hanya. Da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya.