Layin bayan Flick: kada mu yanke wa tsarin hukunci da zafin daren San Siro



Tun daren 6 ga Mayun 2025 da Inter Milan ta fitar da mu daga gasar zakarun Turai, magana ɗaya ke ta yawo a wannan zaure da gidajen kallo: wai Hansi Flick ya daina tura 'yan bayansa zuwa tsakiyar fili, ya koma tsare gida kamar kowa, in dai yana son kofin Turai. Da gangan muka ƙi tsoma baki a lokacin, domin wanda aka raba shi da wasan ƙarshe saura minti biyu a tashi ba ya cikin hayyacin da zai yi hukunci. Kakar 2024/25 ta ƙare da kofuna uku na gida a hannunmu, an kuma buga wasan ƙarshe a Munich mun ga yadda ta kaya. Zuciya ta ɗan yi sanyi, ana iya magana.

Matsayarmu ita ce a bar layin nan inda yake. Akwai gyara, kuma gyaran ba ƙarami ba ne, amma ba a wurin da mafi yawanmu ke nunawa yake ba.

Mu koma kan ƙwallaye bakwai ɗin da Inter ta zura mana a wasanni biyu, mu bi su ɗaya bayan ɗaya, tunda a kansu ake gina ƙarar. A wasan farko na 30 ga Afrilu a Montjuïc, Marcus Thuram ya ci da dunduniya tun ba a cika minti ɗaya ba, wasu ma ba su gama neman benci a gidan kallo ba. Sauran biyun duk Denzel Dumfries ne ya ci, kuma duk daga bugun kwana. A bugun kwana kuwa babu maganar layi ya hau ko ya sauka, kowa yana cikin da'irar gidansa, tsalle ne da ƙarfin kafaɗa da sanin wanda za ka riƙe. A San Siro, ta farko ta samo asali ne daga ƙwace ƙwallo da aka yi a ƙafar Dani Olmo a ɓangarenmu, Dumfries ya miƙa wa Lautaro Martínez ya tura raga. Ta biyu fenariti ce da Çalhanoğlu ya buga bayan na'urar VAR ta ce Cubarsí ya kayar da Lautaro. Wannan kam mun yarda, an zura ƙwallo ne ta bayan 'yan bayanmu, ana iya ɗora wa tsarin. Ta Acerbi doguwar ƙwallo ce aka cilla gaba don neman sa'a, Dumfries ya fi ƙarfin Gerard Martín a gefe, ya bugo ƙasa-ƙasa, tsoho ɗan shekara 37 ya riga Araújo kai ƙafa. Ta Frattesi a minti na 99, 'yan bayanmu suna cikin gidansu a cike, Thuram ya juya Araújo, Taremi ya ajiye, aka buga.

To a cikin bakwai, ɗaya ce za mu rantse cewa tarkon satar gida ne ya tsinke. Sauran shida kwana ce, da sakaci da ƙwallo, da rashin nasara a karon mutum da mutum. Da Flick ya tara mutum goma a bakin raga tun daga minti na farko, da waɗannan matsaloli suna nan, sai dai a ƙara musu wata: da ba mu ci shida ba.

Wannan shidan ne mutane ke saurin mantawa. Sau biyu Inter ta ba mu ratar ƙwallo biyu, sau biyu muka farke. A San Siro an tafi hutun rabin lokaci ana 2-0, duk wanda ya ga Roma a 2018, ya ga Anfield a 2019, ya ga 8-2 na Lisbon a 2020, ya san yadda Barcelona ta saba narkewa a irin wannan dare. Da yawanmu mun fara laluben takalma. Sai ga Eric García a minti na 54, Olmo da ka a minti na 60, dukansu daga ƙafar Gerard Martín ɗin da muke yi wa dariya, sannan Raphinha a minti na 87. Abin da ya kawo waɗannan ƙwallaye shi ne mun danne Inter a gidanta ta kasa fitowa, kuma ba a iya danne kowa haka idan 'yan baya suna zaune nesa da 'yan tsakiya. Layin da ya hau shi ke matse fili, ya sa Pedri da De Jong su riƙa tsintar duk ƙwallon da aka kore. Wanda ke son matsin nan na gaba amma ba ya son layin baya ya hau, kamar mai son cin ƙwai ne ba ya son kukan kaza.

Inda muka faɗi a ganinmu shi ne mintuna shida da suka biyo bayan ƙwallon Raphinha. Muna gaba 3-2, ruwan sama na zuba, Inter ta gaji har ta fitar da Lautaro, ba ta da sauran dabara sai cilla ƙwallo sama da tura mai tsaron baya ya koma ɗan gaba. A nan ne ake bukatar abin da tsofaffin ƙungiyoyi suka iya: a riƙe ƙwallo, a kai ta kusurwa, a nemi a yi maka ƙeta, a ja lokaci wajen jifa. Mu kuwa muna neman ta huɗu. Lamine Yamal ya samu fili ya buga, ƙwallo ta daki turke, kafin mu gama riƙe kai Acerbi ya farke. Ba za mu zargi yaro ɗan shekara 17 da ya kwana yana wahalar da 'yan bayan Inter ba, kuma da ta shiga da yanzu hotonsa ne a kan wayar kowa. Amma a cikin fili akwai manya, a bakin layi akwai koci, ya kamata a samu wanda zai ce a kwantar da wasa. Ƙungiyar ta iya gudu ɗaya ne kawai, ba ta da giya ta biyu.

Sai maganar da ba ma son yi, wato benci. Mun shiga wasa mafi girma cikin shekara shida babu Koundé, wanda ya ji rauni a wasan farko, babu Balde. Lamba biyu da lamba uku na asali duk suna jinya, kuma ta gefen hagu ɗin nan Dumfries ya yi ta ɓarna a wasanni biyun. Lewandowski bai shigo ba sai dab da tashi saboda bai gama warkewa ba. A raga akwai Szczęsny, mutumin da ya riga ya yi ritaya aka kira shi bayan raunin Ter Stegen. Ya yi mana ƙoƙari, Allah ya saka, amma tsarin da ke barin fili mai yawa a bayan 'yan baya yana bukatar gola mai sauri da zai riƙa fitowa yana share ƙwallo. Game da alƙalin wasa Marciniak, kowa ya faɗi abin da ke ransa a wancan makon, mu ma muna da namu ƙorafin kan yadda Dumfries ya bi ta kan Martín kafin ƙwallon Acerbi. Sai dai ƙungiyar da aka ci bakwai ba ta da bakin da za ta tsaya a kan alƙali kaɗai.

Yanzu abin da ya biyo baya, domin a nan ne aka gwada Flick da gaske. Kwana biyar kacal bayan minti 120 a cikin ruwa, Real Madrid ta zo Montjuïc ranar 11 ga Mayu, tazarar maki huɗu ce tsakaninmu. Da mun yi rashin nasara da ta koma ɗaya, saura wasa uku. Kafin minti 15 Mbappé ya ci biyu. Duk wanda ya zauna kusa da ɗan Madrid a wannan yammacin ya san abin da kunnensa ya ji. Idan akwai ranar da koci zai tsorata ya ce a ja baya, to ranar ce. Bai ja ba. Eric García ya ci da ka, Yamal ya lanƙwasa tasa, Raphinha ya ƙara biyu, aka tafi hutu ana 4-2. A lura da yadda biyun Raphinha suka zo: ɗaya bayan Mbappé da Ceballos sun yi karo a tsakiyar fili aka kwashe ƙwallon, ɗaya kuma bayan an ƙwace a ƙafar Lucas Vázquez a bakin gidansu. Matsi ne ya haife su, matsin da ake ce mana mu rage. Kwana huɗu bayan haka muka je gidan Espanyol muka ci 2-0, kofin La Liga na 28 ya tabbata.

Ga lissafin kakar ga mai son lissafi. Maki 88 da ƙwallo 102 a La Liga. Karawa huɗu da Madrid, nasara huɗu: 4-0 a Bernabéu, ranar da aka kama Mbappé da satar gida sau takwas, 5-2 a Jidda, 3-2 a wasan ƙarshe na Copa del Rey a Sevilla, sai 4-3 ɗin nan. A kakar 2023/24, da kusan waɗannan 'yan wasan, ba mu ɗauki ko cokali ba. Olmo ne kaɗai babban sayayya da aka yi. Abin da ya sauya shi ne tsarin, kuma shi ake so mu jefar saboda dare ɗaya.

Amma kada murnar kofi ta rufe mana ido, domin wasan Madrid ɗin ma ya nuna ciwon San Siro bai warke ba. Muna gaba 4-2, Mbappé ya ci ta uku a minti na 70, daga nan wasa ya koma kai-kawo kamar na unguwa. Dab da tashi matashinsu Víctor Muñoz ya samu kansa shi da gola ya ɗaga ta sama. Da ya ci, da yau wani labarin muke yi. Ranar da aka miƙa mana kofi ma Villarreal ta ci mu 3-2 a gida bayan mun tafi hutu muna gaba, ko da yake wannan ana iya cewa gajiyar biki ce. A gasar Turai mun ci 43 a wasa 14, an ci mu 24. A lig mai wasa 38, idan ka ci huɗu aka ci ka uku, maki uku naka ne, idan ka yi tuntuɓe yau kana da mako mai zuwa. A zagayen sili ɗaya ƙwale babu mako mai zuwa.

Wasan ƙarshe na 31 ga Mayu ya ƙara mana ciwo, ya kuma ƙara mana hujja. PSG ta lallasa Inter ɗin nan 5-0, kuma ba da tsare gida ta yi ba. Luis Enrique, wanda shi ya ɗauko mana kofinmu na ƙarshe a Berlin a 2015, ya tura yaransa suka danne Inter tun daga ƙafar Sommer, Dembélé namu na da yana tsaye a bakin da'ira kamar mai jiran a busa tsere. Bambancinsu da mu shi ne suna da Hakimi da Nuno Mendes a gefe biyu cikin ƙoshin lafiya, masu gudun da za su hau su kuma dawo, kuma da suka samu biyu a minti ashirin na farko sai suka riƙe ƙwallo suka hana wasan zama hargitsi. Salon da ya ɗauki kofin Turai na 2025 ɗan uwan namu ne, sai dai nasu ya fi namu nutsuwa da cikar kayan aiki.

Mun san akwai 'yan uwa a nan da za su ce duk wannan kare koci ne, wanda ya fita ya fita. Suna da gaskiya ta wani ɓangare: zuwa 2025 an yi shekara goma babu kofin Turai, kuma ba kullum ake samun hanya irin ta wancan kakar ba, ga Raphinha da ƙwallo 13 a gasar, ga Pedri ya yi kaka guda ba jinya. Ba mu da tabbacin za a sake haɗa waɗannan a shekara ɗaya. Wannan ne ma ya sa muke ganin kuskure ne a rushe a sake gini. A ƙarshen kakar 2024/25 Cubarsí shekararsa 18, Pedri 22, Yamal kuma ya cika 18 a watan Yulin 2025. Shekara ɗaya suka yi suna koyon wannan tarko tare da Iñigo Martínez, wanda a lokacin shi ne ke ba da umarnin a hau ko a tsaya, kuma ba a banza ba ne ƙwallo biyun ƙarshe na San Siro suka shiga bayan an fitar da shi. A 2025 shekarunsa sun kai 34. Tambayar wa zai gaje shi a wannan aiki ta fi damunmu a kan tambayar ko layi ya sauka.

Don haka abin da muka zuba wa ido a bazarar 2025, da ɗan kuɗin da ƙungiya ke da shi a lokacin, shi ne a samo wanda zai iya riƙe lamba biyu ko lamba uku idan Koundé ko Balde ya kwanta, a warware maganar gola, sannan a zauna a kan bugun kwana har a gaji. Wanda ba ya bukatar ko sisi kuma shi ne na Flick kansa: ya koya wa yaran nan abin da ake yi da ƙwallo a minti na 88 idan ana gaba da ƙwallo ɗaya. Idan kaka ta fara, ranar farko da muka shiga mintuna goma na ƙarshe muna gaba da ɗaya, a nan za mu kalla mu ga ko an taɓa wurin.

Masu ganin a sauke layin, ga fili nan a ƙasa, ku kawo mana ƙwallayen da kuke nufi a cikin bakwai ɗin mu sake kallonsu tare.